Yadda ake gano abin da ya hana kwamfutar tebur tashi, da ceto bayanai idan had diski ne

Da zarar kwamfutar tebur ta ƙi tashi, hukuncin da aka fi yanke mata shi ne had diski ya mutu, sai an yi fomatin. Wani lokaci da gaske diskin ne. Amma sau da yawa ɗan batirin da ke kan madabod, wato babban allon da sauran sassa ke haɗe a kansa, ne ya ƙare, ko ƙura ta shiga tsakanin RAM da gurbinsa, ko waya guda ta yi sako-sako. Ko da ma diskin ne, fomatin shi ne abu na ƙarshe da za a yi, domin shi ke tafiya da takardun da aka yi shekaru ana tarawa. Binciken yana da tsari: ka fara daga soket, ka bi hanyar da wuta ke bi har zuwa Windows, inda ta tsaya nan ne aikinka yake.

Ka tanadi sukundireba mai bakin tauraro, kilinar goge fensir, busasshen burushi mai laushi, sabon batir CR2032, wayar SATA guda da ka san lafiyarta lau, filas biyu masu aƙalla 8GB, da mitar awon wuta in akwai. Za ka kuma buƙaci wata kwamfutar mai aiki.

Duk lokacin da za ka sa hannu cikin akwatin, zare wayar wuta daga baya, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta zube, sannan ka taɓa ƙarfen jikin akwatin. Wannan ya fi muhimmanci a hunturu. Iska a bushe take, kuma tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe RAM.

A ina ta tsaya?

Danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, ka zuba ido, ka kasa kunne. Ko dai ba ta yi motsi ba sam, ko fanka ta juya amma allo ya zauna baƙi, ko kuma tambarin kamfanin ya fito sannan ta cije. Abin riƙewa a nan shi ne kwamfuta ba ta buƙatar diski kafin ta nuna tambari. Ko ka cire shi gaba ɗaya za ta haska, ta shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi. Saboda haka a hali na farko da na biyu kada ka fara zargin diski, sai a yanayi guda da za mu zo kansa.

Idan ba ta yi motsi ba

Gwada soket ɗin da wani abu, ko da cajar waya ce. Cire kwamfutar daga ekstenshan, da sitabilaiza, da UPS, ka jona ta kai tsaye a bango. UPS ɗin da batirinsa ya mutu yana iya kunna fitilarsa amma ya kasa ɗaukar nauyin kwamfuta. Filogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki, kuma yana ƙonewa. Ari wayar monita ka gwada da ita, don yawanci bakinsu ɗaya ne. Duba ɗan makunnin da ke bayan fawa fak, wato ɗan akwatin da wayar wuta ke shiga yana raba wa sassan kwamfutar wuta, ya kasance a kan I ba O ba.

Tsofaffin fawa fak suna da wani jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutarmu a Najeriya da Nijar ta ajin bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuwa kusan rabin haka. Kwamfutar gwanjo da ta taso daga can tana iya zuwa a kan 115, kuma idan aka jona ta haka, ƙara ɗaya za a ji sai ƙauri. In ka tarar da haka ta faru, fawa fak ɗin ya tafi. Kada ka buɗe shi da sunan gyara, akwai kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya. Musanya shi ake yi.

Don gwada fawa fak mai babban filogi na fil 24, zare wuta, ka cire duk wayoyinsa daga madabod da diski. Lanƙwasa kilif ɗin takarda, ka soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a ramin kowace baƙar waya, sannan ka mayar da wuta. Idan fankarsa ta juya, ya tashi ke nan, amma tashi ba lafiya ba ce. Sa baƙin tsinken mita a baƙar waya, ka auna sauran: rawaya ta ba da bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3. An yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Wanda ya faɗi ƙasa da haka alhali ba a ma ɗora masa nauyi ba, ba shi da sauran amfani. Wannan gwajin ba ya aiki a ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell masu filogi na musamman mai fil 6 ko 8. Da yawa daga cikin na Dell suna da ɗan maɓalli da fitila a bayan fawa fak. Ka danna, in fitilar ta kama kuma fanka ta juya, lafiyarsa ƙalau.

Idan fawa fak lafiya ne, saura maɓallin gaba. Bi siririyar wayarsa zuwa madabod, ka zare ta daga filoli biyun da aka rubuta PWR SW ko makamancin haka, ka taɓa filolin biyu tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. In ta tashi, maɓallin ne ya lalace.

Ga yanayin nan guda da diski ke hana wuta. Ka danna, fanka ta yi ɗan motsi ta tsaya nan take. Wannan alama ce fawa fak ya ga gajeren haɗi ya kare kansa. Zare wayar wuta daga diski da na'urar DVD, ka sake gwadawa. Idan ta tashi, mayar da su ɗaya bayan ɗaya. In diskin ne ke kashe ta, galibi wani ɗan dayod ne na kariya da ke kan koren allon bayansa ya ƙone lokacin da wuta ta zo da ƙarfi. Bayanan da ke ciki yawanci ba abin da ya taɓa su, kuma mai gyaran lantarki da ya san aikinsa zai iya magance wannan. Kai dai ka daina jona shi.

Fanka na juyawa, allo baƙi

Fara da monita: shin a kan mashigar da ta dace take, VGA ko HDMI ko DisplayPort? Idan kwamfutar tana da katin hoto na daban, a jikinsa ake soka wayar, wato ramukan da ke ƙasa, ba na madabod da ke kusa da ramukan USB ba. Ana yawan yin wannan kuskuren bayan an sauya wa kwamfuta wuri. Danna Num Lock a kibod. Idan fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar a farke take, matsalar daga katin hoto zuwa monita ce.

In ba haka ba, RAM ne babban abin zargi. Buɗe maƙallan gefe biyu, zare dukkan sandunan, ka riƙe su ta gefe. Goge haƙoran zinaren da kilina a hankali, gaba da baya, ka kaɗe ɓurɓushin da burushi, ka share gurbin shi ma. Mayar da sanda ɗaya kacal, ka danna har maƙallan su rufe da kansu. Ba ta tashi ba? Sauya gurbi. Har yanzu? Sauya sanda. Da haka za ka gane ko sanda ce ta mutu ko gurbi. Ka kuma ƙirga kukan da take yi, ko ƙiftawar fitilar gaba. Ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A tsofaffin HP Compaq na ofis, alal misali, biyar na nufin RAM, shida na nufin ɓangaren hoto. Ta wata samfurin kuwa, ka nemi jadawalinta da lambar da ke jikin akwatin.

Tunda akwatin a buɗe yake, haska madabod da tocila. Kafasita mai lafiya kanta a shafe yake. Wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa a kai ta lalace. Duba cewa filogin furosesa mai fil 4 ko 8 yana zaune. Idan ƙura ta yi dam a kan ƙarfen sanyaya furosesa, hure ta da bulowa a waje, amma ka dafe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Tambari ya fito, Windows ya ƙi

A nan ne maganar diski ta fara. Kafin komai, zare duk filas, da katin memori, da firinta, da faifan da aka manta cikin DVD. Filas ɗin da aka bari a baya yakan sa kwamfuta ta nemi Windows a cikinsa ta rasa.

Rubuta saƙon da allo ya nuna harafi da harafi, ko ka ɗauke shi hoto da waya. "No bootable device", da "Reboot and Select proper Boot device", da 3F0 na HP duk abu ɗaya suke faɗa: ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Ko diskin ne ba ya nan, ko an nema a inda ba nan ba. "BOOTMGR is missing" da lamba 0xc000000f ko 0xc000000e kuwa sun fi nuna an ga diskin amma fayilolin tada Windows sun lalace ko ba a kai gare su ba. Saƙon da ya ambaci SMART, wato tsarin da diski ke lura da lafiyar kansa da shi, kamar 1720 a kwamfutocin HP, diskin ne da kansa ke shelar cewa ya kusa mutuwa, kuma ba a gardama da shi.

Shiga BIOS. Da ka kunna, ka riƙa danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, Del a yawancin waɗanda aka harhaɗa. Abu na farko da za ka duba shi ne kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, batirin madabod ya mutu. Mai bolt 3 ne, faɗinsa kamar kwabo. In mita ta nuna ya sauka ƙasa da 2.7, sa sabo, gefen da ke da alamar + yana kallon sama. Mutuwarsa ba agogo kaɗai take ɓatawa ba, tana mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, kuma saiti biyu ne ke jawo rigima. Na farko yanayin SATA: Windows ɗin da aka ɗora a kan AHCI, idan saitin ya koma IDE ko RAID, zai fara tashi sai ya faɗi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ko lamba mai ƙarewa da 7B a Windows 7. Na biyu tsarin tashi, tsakanin sabo mai suna UEFI da tsoho mai suna Legacy: wanda aka ɗora a ɗaya ba ya tashi a ɗayan. Sauya saiti ɗaya, adana, gwada. In bai yi ba, mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa na gaba. Diski da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa a nan maganarsu take ƙarewa.

Sai ka nemi sunan diskin a jerin na'urorin SATA. Na Seagate yana farawa da ST, na Western Digital da WD, kuma girmansa zai fito a gefe. Idan yana nan da sunansa da girmansa daidai, tabbatar shi ne a saman jerin tashi, ko "Windows Boot Manager" a tsarin UEFI. Idan ba ya nan, kashe, zare wuta. Waya biyu ke shiga diski: siririya mai fil 7 ta bayanai, da mai faɗi mai fil 15 ta wuta. Zare su ka mayar da kyau, ka sauya siririyar da taka, ka soka ta a wani ramin SATA na madabod, ka kuma ba shi wani bakin wuta daga fawa fak. Idan kuma ya fito da baƙon suna ko girman da ba nasa ba, kamar 0MB, ƙwaƙwalwar diskin ce ta rikice. Wasu SSD masu araha, wato diskoki marasa faifai, idan sun mutu sunansu kan koma SATAFIRM S11. Babu saitin BIOS da ke gyara wannan.

Saurari diskin

Had diski mai faifai yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, kuma allurar karatunsa tana shawagi dab da fuskar faifan ba tare da ta taɓa shi ba. Ɗora yatsa a bayansa, ka kunna. Mai lafiya za ka ji ya ɗauki gudu cikin 'yan daƙiƙu, ya yi ɗan ƙaraf-ƙaraf, ya daidaita. Idan shiru ne kuma ba girgiza, wuta ba ta isa gare shi ko allon bayansa ya ƙone. Idan yana wani ɗan kuka siriri yana maimaitawa ba tare da ya juya ba, allurar ta manne a faifai ko injin ya cije. Idan kuwa ƙwas, ƙwas, ƙwas yake yi a jere, sannan ya tsaya ya sake ɗaukar gudu, allurar ce ta kasa karatu. Ƙarar gurza ta fi duka muni, faifan ne ake kankarewa.

A waɗannan ukun na ƙarshe, kashe shi nan take. Kowace kunnawa tana ƙara ɓarna, kuma babu manhajar da ke gyara abin da ya karye a ciki. Kada ka sa shi a firiza, raɓa za ta kwanta a kan faifan. Kada ka buga shi. Kada ka kwance murfinsa don ka leƙa, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faifai girma nesa ba kusa ba. Ɗauko allon bayan wani diski irinsa a ɗaura masa ma ba ya wadatarwa a diskokin zamani, sai an ciro ɗan guntun da ke ɗauke da saitin wannan diskin an mayar kan sabon allon. Idan bayanan suna da daraja, aikin masu ceto bayanai ne da ke da ɗaki marar ƙura, kuma da tsada. Ka tambaye su tun farko ko ana biya in ba a samu komai ba.

SSD ba shi da abin juyawa, don haka ba ya gargaɗi da ƙara. Yau yana nan, gobe BIOS ba ya ganinsa.

Idan sautinsa lafiya kuma BIOS na ganinsa, karanta rahoton SMART. Dell na da gwaji a ciki: F12, sannan Diagnostics, lamba 2000-0142 na nufin diskin ya faɗi gwaji, 2000-0141 na nufin ba a gan shi ba. A HP, Esc sannan F2. Gajeren gwaji ya isa, dogon yana wahalar da diski marar lafiya. Hanya mafi fayyacewa ita ce ka cire shi ka haɗa a wata kwamfutar a matsayin diski na biyu, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo mai nuna rahoton SMART. In da adaftar USB za ka haɗa, ka tuna babban diski mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12 daga cajarsa ta daban, wutar USB ba ta juya shi. Idan Windows ya ce sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, danna Cancel. Idan ya nemi ya duba shi ya gyara, nan ma ka ƙi.

Kada ka tsaya a launin shuɗi ko rawaya da manhajar ke nunawa, duba layukan. Layi 05 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su. C5 gurabun da aka kasa karantawa ne ake jiran hukunci a kansu, C6 waɗanda aka rasa. Lambar da ke can ƙarshen layi ita ce abin dubawa, kuma a diski mai lafiya sifili ne a duka ukun. Ko ɗaya ya motsa, musamman C5, diskin ya fara tafiya, kuma in lambar tana hawa tsakanin dubawa biyu, saura ƙiris. C7 dabam yake: idan shi kaɗai ya hau, wayar SATA ce ko raminta, ba diskin ba. Manyan lambobin da Seagate ke nunawa a layi 01 da 07 kuwa haka tsarinsu yake, kada su tsorata ka.

Kwashe bayanai kafin gyara

Rumbun da gara ta ci gindinsa, hatsin ake fara kwashewa kafin a yi maganar yaɓe. Abin da bai kamata a yi wa diski mai C5 ba shi ne chkdsk /r, umarnin Windows na dubawa da gyara diski, ko manhajojin da ke iƙirarin farfaɗo da gurabun da suka mutu. Suna tilasta wa allura ta yi ta maimaita karatu a daidai inda ya lalace na sa'o'i, kuma chkdsk yana iya datse fayilolin da bai gane ba.

Idan diskin yana buɗuwa, shiga foldar Users, ka shiga sunan mai kwamfutar, ka fara da abin da ba a iya samu a wani wuri: Documents, Desktop, fayilolin lissafin kuɗi, ayyukan CorelDRAW idan shagon buga takardu ne, sannan hotuna. Fina-finai da waƙoƙi su zo ƙarshe. Kwafa kaɗan-kaɗan zuwa wani diskin dabam. In kwafin ya cije a kan fayil guda, tsallake shi. Idan ya nemi mabuɗin BitLocker, wato tsarin kulle diski na Windows, lambobi 48 ne, kuma galibi suna cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar ko wurin mai kula da kwamfutocin ofis. In babu su, ba mai iya buɗewa.

Idan yana cijewa ko ya ƙi buɗuwa, sai a ɗauki hotonsa gaba ɗaya da ddrescue. Bambancinsa da kwafi na yau da kullum shi ne yana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ya tsallake masu wuya, sai daga baya ya dawo kansu. Sauke SystemRescue, wanda ke ɗauke da ddrescue a cikinsa, ka ɗora shi a filas da manhajar Rufus. Haɗa tsohon diskin da sabo a ramukan SATA na kwamfuta ɗaya, ka tashe ta daga filas. Sabon dole ya kai tsohon girma ko ya fi shi: SSD mai 480GB ba zai ɗauki diski mai 500GB ba, mai 512GB zai ɗauka. Duk abin da ke kan sabon zai goge. Rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Gwada lambobin da suka fito da waɗanda ke rubuce a jikin kowane diski. Kada ka yi zato a nan, domin idan ka juya sunayen, fankon diski za ka kwafe a kan bayananka, kuma ba gyara. A ce tsohon shi ne sda, sabon sdb, filas na biyu kuma sdd1. Haɗa filas ɗin, sannan ka fara zagayen farko:

mount /dev/sdd1 /mnt

ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb /mnt/taswira.log

Fayil ɗin taswira shi ke riƙe lissafin inda aka kai. Shi ya sa ake ajiye shi a filas na biyu: in aka ɗauke wuta, ka sake duba sunayen da lsblk, don suna iya sauyawa, ka maimaita umarnin, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Duk da haka a yi aikin a kan UPS ko inbata, don yankewar wuta tsakiyar karatu na iya ƙarasa diskin. Mai 500GB da lafiyarsa da sauƙi yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, mai ciwo sosai yana iya kwana. Bar akwatin a buɗe, ka juya masa fanka, musamman a watannin zafi. Idan ya haura digiri 50 a ba shi hutu. Bayan zagayen farko, sai na biyu, wanda zai koma kan wuraren da aka tsallake har sau uku:

ddrescue -d -f -r3 /dev/sda /dev/sdb /mnt/taswira.log

In ya fara ƙwas-ƙwas ana cikin aiki, danna Ctrl da C, ka kashe. Daga nan duk wani gyara a kan kwafin ake yinsa, tsohon a ajiye shi gefe. A kan kwafin ne za ka iya yin chkdsk /f, ko ka sa TestDisk ya nemo ɓangaren da ya ɓace. PhotoRec yana tono fayiloli ko da tsarin diskin ya wargaje, sai dai ba ya dawo da sunayensu, kuma abin da ya tono a wani diski na uku ake zubawa.

Idan diskin lafiya ne, Windows ne ya karye

Wannan yakan biyo bayan ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa. Bayan ka kwashe muhimman fayiloli, haɗa filas ɗin ɗora Windows, ka tashi daga shi: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Kada ka danna Install. Zaɓi "Repair your computer", sannan Troubleshoot, sannan Startup Repair. In bai yi ba, buɗe Command Prompt. A tsohon tsarin Legacy, rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

bootrec /fixmbr

bootrec /fixboot

bootrec /rebuildbcd

A tsarin UEFI hanyar dabam ce, kuma /fixboot yakan ce "Access is denied". Rubuta diskpart, sannan list vol. Nemi ƙaramin ɓangare mai FAT32, yawanci 100MB zuwa 'yan ɗaruruwa, ka kuma lura da harafin babban ɓangaren da Windows ke ciki, don a nan ba lallai ya zama C ba. A ce ƙaramin shi ne na 2: rubuta select vol 2, sannan assign letter=S, sannan exit. Sai:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Sauya C da harafin da ka gani. Zare filas, ka sake kunnawa. Idan ta tashi amma bayan kwana biyu ta koma gidan jiya, sake karanta SMART, ka kuma gwada RAM da MemTest86 har ya kammala aƙalla zagaye ɗaya. RAM mai kuskure yana lalata fayiloli a kan diski mai lafiya, a yi ta canza diski a banza.

Sa sabon diski

Ga kwamfutar ofis ko shago, SATA SSD mai 256GB ko 512GB ya fi dacewa. Wayoyi biyun nan dai su ne, kuma tsohuwar kwamfuta za ta yi saurin da ba ta taɓa yi ba. Mai inci 2.5 ne, don haka a ɗaure shi da ƙarfen riƙo ko ko da noti ɗaya, kada a bar shi yana lilo a jikin waya. Sa BIOS a kan AHCI kafin ka ɗora Windows, kuma ka zare duk wani diski lokacin ɗorawar, domin Windows yakan ajiye fayilolin tashi a kan diskin da ba shi aka nufa ba, ranar da aka cire wancan sai kwamfutar ta sake ƙin tashi.

Idan na hannu za ka saya, karanta SMART ɗinsa a gaban mai shagon. Layi 09 yana nuna awannin da ya yi a kunne; shekara ɗaya cur awa 8,760 ce, don haka mai 35,000 ya yi kusan shekara huɗu yana aiki dare da rana. Layi 05, C5 da C6 su zama sifili, in ba haka ba a bar masa kayansa. Tsohon diskin kuwa, rubuta kwanan wata a jikinsa, ka ajiye shi a busasshen wuri har sai mai kwamfutar ya buɗe fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna buɗuwa. Idan akwai bayanan mutane ko na kuɗi a ciki, a huda shi da injin huji a wurare biyu ko uku kafin a ba 'yan gwangwan.